Cokalin Mai Ƙanƙara

Yayana ƙanƙara yake rarrabawa. Kullum da safe yakan loda manyan sandunan ƙanƙara a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, ya lulluɓe su da buhuna, ya bi rumfunan abinci na bakin titi da manyan gidajen cin abinci yana sauke wa kowa nasa. Shi ya sa duk garin ba a san shi da wani suna ba sai Mai Ƙanƙara. Shi ya sa kuma bai saba shiga wurin cin abinci ta ƙofar gaba ba. Ta baya yake bi, ta wajen wanke-wanke, ya tsallake ɓawon albasa da ruwan sabulu, ya ratsa tsakanin tukwane da ƙanƙara a kafaɗa tana ɗiga masa a riga. Ni ƙanwarsa ce, ɗinki nake yi, kuma tun da mijina ya rasu na dawo gida, ɗakina yana kallon nasu. Abin da zan faɗa da idona na gani, wanda ban gani ba kuwa shi ya gaya mini da bakinsa.

A da, Yaya bawan cikinsa ne, ko a gabansa haka nake faɗa. Tambaye shi hanyar wata unguwa, ba zai ce ka bi dama ko hagu ba, sai ya ce ka wuce mai kifi, in ka ji ƙamshin gasasshiyar kaza ka sha kwana. Yana da mutanensa. Akwai mai kifin ƙarƙashin gada, wadda take soya kifi har ƙayarsa ta zama abin taunawa, ta matsa masa lemon tsami tun yana tururi a cikin takarda. Akwai mai kazar bayan tasha, da mai taliya da ƙwai na ƙofar kasuwar katako, da wani gidan abinci kusa da kotu inda suke shinkafa da miyar nama wadda Yaya ya ce ko wanda aka yanke wa hukunci ya ci sai ya yi murmushi. In ya gama zagayensa, sai ya ƙare a wurin wani tsoho mai askirim a bakin filin wasan yara. Ga santi kamar me. Ya taɓa cin kifin nan har ya cire hularsa ya ɗora wa wani baƙo da ke zaune kusa da shi, ya ce masa ya riƙe, shi ya gaji da mulki. Mun daɗe muna masa dariya.

Sun jima da matarsa ba haihuwa. Da Allah Ya kawo, sai ga 'ya mace 'yar mitsitsiya. Na ɗauke ta na ce, "Wannan ai ɗigo ce," sunan ya bi ta har yau. Ita kaɗai ce, ba a sake samun wata ba. Yaya ya ƙosa ta yi haƙora. Burinsa a duniya ya zaunar da ita a gaban mota, ya zagaya da ita wurin mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ta ci abin da ubanta ya ci.

Ba ta daɗe da iya magana ba, wata rana ya shigo da tsakar rana da kek a kwali, an barbaɗa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa a sama. Ina kan keke ina ɗinki a tsakar gida. Ya gutsura ya sa mata a baki, ya juya yana wanke hannu. Ni na fara ganin tana sosa wuya, na ɗauka zafi ne. Kafin in ƙarasa layin da nake ɗinkawa leɓenta ya kumbura, idanunta suka shige ciki, wani ɗan sauti ya fara fita daga maƙogwaronta kamar ana hura ƙaramin usur. Ba ta yi kuka ba, kuma rashin kukan ne ya tsinka mini zuciya, domin numfashin da za ta yi kukan da shi ne babu. Yaya ya sure ta ya fita ko takalmi babu. A asibiti aka yi mata allura, aka sa mata abin numfashi, ta dawo. Likita ta zaunar da iyayen ta ce jikin yarinyar ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, ko man gyaɗar, ko garinta, ko abin da ya taɓa ta. Ta ce na gaba zai iya fin wannan sauri. Ta ba su wata allura ta gaggawa da ake cakawa a cinya, ta ce kada ta yi nisa da yarinyar, in allurar ta tsufa a zo a karɓi sabuwa.

Daga ranar santi ya bar bakin Yaya. Mutumin da yake shiga madafar mutane da zolaya da roƙon ɗanɗano ya koma yana shiga yana kallon hannaye. Sai a lokacin ya ga abin da ya shekara yana wucewa bai gani ba. Ludayi ɗaya ya fita daga wannan tukunya ya faɗa waccan. Mai guda, a soya wannan a soya wancan. Yajin da ake barbaɗa wa kaza ashe da garin gyaɗa ake ƙara masa auki. Mai askirim yana da kwanon ruwa ɗaya inda yake tsoma abin ɗibarsa tsakanin mai cakulan da mai gyaɗa da fari. Yaya yakan dawo ya zauna a bakin ƙofata jiki a sanyaye, ya ce, "Ke, ashe duk garin nan tarko ne."

In ya yi wa mutane bayani, dariya suke masa. "Gyaɗa? Gyaɗar da muke ci tun muna rarrafe?" Wasu su ce sangarta ce, wasu su ce a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan za ta saba. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa miƙa wa yarinyar alawa mai gyaɗa a ɓoye wai don ta gwada. Ni na kama hannunta, kuma saboda abin da na gaya mata ranar har yau ba ta gaishe ni. Ban yi asarar komai ba.

Matar Yaya ta ce abin mai sauƙi ne, yarinya ta ci na gida kawai. Ya yarda da baki, zuciyarsa ta ƙi. Ya ce ba zai yiwu 'yar Mai Ƙanƙara ta girma tana shaƙar ƙamshin gari ta tagar mota kamar mai laifi ba. Sai ya shiga lallashi. Mai kifi ta yarda ta ware ƙaramin kasko, shi yake kawo mata man waken soya da hannunsa. Mai kaza ya riƙa gasa nata a gefe da gishiri kawai. Tsohon askirim yakan buɗe mata sabon bokitin farin askirim tun kafin komai ya shiga ciki. Mai taliya kuwa ya ce shi ba asibiti ya buɗe ba. Yaya ya ci gaba da kai masa ƙanƙara, amma bai sake zama a bencinsa ba.

Sannan ya sayi cokali, ƙarami na ƙarfe, na ɗinka masa 'yar jaka yake sa shi a aljihun gaba. In an kawo abinci, Yaya zai jawo farantin gabansa, ya shinshina, ya ɗiba da cokalin, ya juya a baki ido rufe. Harshensa ya kai inda ko jiya aka soya gyaɗa a kaskon sai ya gane. In ya ji abin da bai yarda da shi ba, a nan cin ya ƙare, ba canji ba a sake gwadawa, sai gida. In ya gamsu, sai ya miƙa mata cokalin nasa, domin bai yarda da cokulan kowa ba. Ita ta ci, shi ba ya ci. Zama yake ya zuba wa leɓenta ido, hannu ɗaya a kan makullin mota, domin a motar allurar take cikin ɗan akwatinta, har sai an jima ya ga ba abin da ya motsa. Sannan ya saki numfashi, ya ci nasa da sanyi.

Nakan ce masa, "Yaya, kallon nan naka kaɗai ya isa ya sa mutum ya ƙware."

Sai Ɗigo ta ce, "Bar shi, Gwaggo, in ba ya kallona abincin ba ya mini daɗi."

Ƙarya take, tausayinsa take ji.

Haka ta girma, ba a sake zuwa asibiti a guje ba. Amma tsoron bai ragu ba, tare suka girma. Akwai ranar da aka kira shi daga makarantarsu, bai tsaya jin ƙarshen maganar ba ya bar ƙanƙarar wani gidan abinci a tsakiyar hanya ya fizgi mota. Ya je ya tarar takalminta ne ya tsinke. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma na Yaya ya wuce gudu, ya zama ciwo. Mutum mai ƙiba da dariya ya zube ya koma siriri, kai duk furfura.

Da ta gama makaranta sai ta samu gurbin karatu a wani gari mai nisa, garin da Yaya bai san ƙofar bayan kowa ba. Kowa na murna, shi yana zagaye tsakar gida.

"A can wa zai ɗanɗana mata?" ya tambaye ni.

Na ce, "To ka naɗe ta ka sa a aljihu tare da cokalin mana."

Bai yi dariya ba. Ni ma a raina tsoron nake ji, bakina ne kawai ba ya mutuwa.

Ɗigo ta roƙi abu ɗaya kafin ta tafi. Tana so mu je gidan abincin nan na kusa da kotu, wanda ta taso tana jin labarin miyarsa, mu shiga ta ƙofar gaba mu zauna a tebur kamar kowa. Yaya bai taɓa kai ta can ba, domin madafar babba ce kuma hannaye sun yi yawa. Ya je ya zauna da babban kukunsu suka yi magana mai tsawo, sannan ya amince. Ranar na ɗinka wa kowa sabon kaya. Ya ajiye mota a lungun baya inda ya saba ajiyewa, muka zagayo muka shiga ta gaba, yana ta sunkuyar da kai kamar wanda ya shiga gidan surukai.

Shinkafa da miya suka zo. Ya shinshina, ya ɗanɗana, ya miƙa cokali. Ta ci, ta lumshe ido, ta ce, "Baba, ashe ba ƙari kake yi ba." Ya kalle ta iya kallonsa, ba abin da ya faru. Har ya fara cin nasa da ɗan sauran zafi.

Sai mai gidan abincin, wanda ya san Yaya shekara da shekaru, ya aiko da kyauta don taya murna: kwanon askirim da narkakken cakulan, an marmasa biskit a kai. Yaya ya goge cokalinsa, ya jawo kwanon, ya kai baki. Na ga fuskarsa ta canza.

"Akwai gyaɗa a biskit ɗin nan," in ji shi, ya miƙe tsaye.

Mai gidan ya zo da sauri yana ba da haƙuri, ya ce wallahi ya manta da biskit ɗin, hankalinsa duk yana kan miya. Ya ce a kawo sabon bokitin fari da ba a taɓa buɗewa ba, a wanke kwano a gabanmu. Bisa ƙa'idar Yaya, nan ne za mu tafi gida. Sai Ɗigo ta riƙe bakin rigarsa.

"Baba, yau kaɗai. Mu zauna."

Ya dube ta, ya dubi mai gidan da ke tsaye yana murza hannu, ya koma ya zauna. Ya kurkure bakinsa da ruwa. Ya sa ido aka fasa murfin bokitin, ya sa ido aka wanke kwano da abin ɗiba, bai ƙifta ba. Har na ga alamar jin daɗi a fuskarsa, ga shi ya kama ɓarawo a gaban jama'a. Aka ajiye farin askirim. Ya ɗiba da cokalin da ke hannunsa tun ɗazu, ya rufe ido, ya ce, "Wannan lafiya lau." Ya miƙa mata cokalin. Mu huɗu ne a teburin, ga mai gida a tsaye, ba wanda ya ga komai.

Ba ta sha da yawa ba ta ajiye cokalin a hankali, ta kai hannu wuya.

"Baba," ta ce, muryar ta sirance.

Sai na ji sautin nan. Na yi shekaru ban ji shi ba, amma hantar cikina ta gane shi tun kafin kunnena. Uwarta ta fara salati. Yaya ya tashi ya bi ta ƙofar madafa a guje zuwa mota, na ji faranti suna zubewa a bayansa. Leɓen Ɗigo yana tashi muna kallo, ta dafa tebur da hannu biyu tana jawo iska kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Mutanen wasu teburan suka kewaye mu, wani yana cewa a ba ta ruwa, wata tana cewa a yi mata fifita, na daka musu tsawa su ba ta wuri. Ya dawo da akwatin, ya durƙusa, ya fiddo allurar. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana shirin wannan lokaci, hannunsa ya ƙi cire murfin. Ɗigo ta fizge allurar, ta cire murfin da kanta, ta caka a cinyarta ta kan sabuwar rigar, ta danne.

A motar mai gidan muka tafi. Ga cunkoson rana, ga masu talla suna leƙo mu ta taga. Kanta yana kan cinyata, ina jin numfashin yana buɗewa kaɗan yana sake tsukewa, ina roƙon Allah da duk addu'ar da ta zo bakina. A asibiti suka karɓe ta da sauri. An jima wata nas ta fito ta ce ta tsallake, allurar da aka yi da wuri ce ta taimaka, amma za su riƙe ta sai gobe.

Da tsoro ya sake ni sai fushi ya kama ni. Na ɗaure gyale a ƙugu na ce yanzu zan koma gidan abincin nan, sai sun san sun taɓa 'yar mutane. Yaya yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, ko kujera bai nema ba.

"Zauna," ya ce. "Ba su ba ne."

"Kamar yaya ba su ba ne? Wa ya kawo?"

Ya fiddo cokalin daga aljihu ya riƙe a tafin hannu. "Da shi na ɗanɗana na farkon. Na kurkure bakina, na sa an wanke kwano, na sa an wanke abin ɗiba. Shi ban wanke ba. Ni na ba ta da hannuna."

Na kwance gyalen na zauna kusa da shi a ƙasa. Tausayinsa ya cika ni har na kasa kallon fuskarsa.

Washegari ya gaya mata, bai ɓoye komai ba. Ta ce tun a mota ta gane.

"Baba, ka daina kuka, ka ga nas tana kallonmu," ta ce. "Amma daga yau ni zan tambaya, ni zan duba. Allurar ma a jakata za ta zauna."

Ya gyaɗa kai.

Ranar tafiya da hantsi muka raka ta tasha a a-kori-kurar, ƙanƙarar mutane tana baya ba a kai ba tukuna. Uwarta ta ƙunsa mata abincin gida da zai ishi mutum uku, ta yi bankwana daga ƙofar gida don ta ce ba za ta iya ganin tashin mota ba. Bas ɗin yana cika a hankali. Muna tsaye sai Ɗigo ta miƙa mini jakar hannunta, ta ciro allurar ta sa a aljihu, ta nufi wata rumfa inda wata mata take soya dankali da ƙwai. Ba ta cikin mutanen Yaya, bai taɓa kai mata ko ɓallin ƙanƙara ba. Ya ɗaga ƙafa zai bi ta, na riƙe hannun rigarsa.

Muna hango ta. Ba ta tsaya a gaba ba, ta zagaya baya ta gaishe da matar. Ta ɗaga galan ɗin mai ta karanta, ta nuna kasko tana tambaya, ta nuna kwalbar yaji ta girgiza kai. Matar ta yi ɗan tsaki, amma ta ɗauki matsamin ta wanke da sabulu. Ɗigo ta dawo da abincin a takarda ta tsaya a gaban ubanta. Na ga hannunsa ya taso da kansa zai karɓa, ya mayar da shi baya ya riƙe da ɗayan. Ta ɗauki dankali ta ci tana kallonsa. Ta ƙara. Tun ranar kek ɗin nan, wannan ne abu na farko na waje da ya shiga bakinta bai fara bi ta nasa ba.

Sai direba ya danna oda, mota ta cika. Ta rungume ni, ta durƙusa wa ubanta, ta hau tana tauna. Lokacin da Yaya ya saba jira ko rabi bai yi ba, bas ya fita daga tasha.

Yaya ya ruga mota. Da ƙyar na samu na faɗa ciki kafin ya ja. Muka bi bas ɗin ta cikin kasuwa, ta kan gada, har gidaje suka fara ƙarewa. Wayarsa tana ta ƙara, masu jiran ƙanƙara ne, ruwan kuwa yana zuba a titi a bayanmu. Duk inda hanya ta buɗe sai ya matsa gefen bas ɗin yana leƙen tagogi, yana neman bakinta. Na ce, "Yaya, kalli gabanka, kashe mu za ka yi." Bai ji ni ba. Ni ma tagogin nake kallo.

Mun fita gari sosai sannan wata taga ta buɗe. Ɗigo ta leƙo, ta nuna masa leɓenta da yatsa, ta ja dogon numfashi ta saki don ya gani. Sannan ta yi masa alama da hannu ya koma.

Ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Bas ɗin ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace. Ruwan ƙanƙara yana ta ɗiga daga baya. Hannayensa suna kan sitiyari. Can ya share fuska da hularsa, bai dube ni ba.

"Wannan ya wuce lafiya," ya ce. "Ke, a can ƙarfe nawa suke cin abincin dare?"